Baƙon Bayan Gilashi

Talata, da hantsi

An haihu! Matar Direba ta sauka lafiya, kuma namiji ne! Ni ne na zama kaka yau ɗin nan.

Ko bismillah ban sa a saman takarda ba, Allah ya yafe mani. Ina cikin shago ina yanka katakon wata taga sai ga wayar Direba, ɗana na fari: "Baba, ungozoma ta leƙo ta ce namiji!" Zarto ya faɗo mani a kan ƙafa ban ma ji zafi ba. Tun aurensu muke zuba ido, shekara na bin shekara, mutane na ta yi mana "Allah ya kawo" har addu'ar ta fara yi mani nauyi a kunne.

Akwai ragowar jan fenti mai mai da na shafa wa ɗan gadon da na ƙera tun cikin yana ƙarami. Na ɗauki buroshi na fita, na rubuta a ƙofar shago da manyan baƙaƙe: NA YI JIKA NAMIJI. Tela maƙwabcina ya fito da almakashi a hannu yana ƙyaƙyata dariya. Ya ce, "Kafinta, tunda ka shiga makarantar dare babu bangon da ya tsira a layin nan. Saura goshina." Na ce, "Kawo shi, ai ya fi ƙofar fili." Da furfurata na koyi riƙon biro, malaminmu ma sa'an Direba ne. In ban rubuta wannan ba, me na wahala na koyi rubutun don shi?

Tsohuwa, wato matata, tana asibiti tun jiya. Bari in watsa ruwa in bi ta.

Talata, bayan la'asar

Ba a ba ni na ɗauka ba.

Sun kai baƙon namu wani ɗaki mai bangon gilashi inda ake ajiye jariran da ake sa wa ido. Na tsaya daga waje na gani. Gashi baƙi wuluk, kunne irin na gidanmu. Lafiya ƙalau a idona.

Direba yana jingine da bango, bai amsa barkata ba. Tsohuwa ta fito da bakin mayafi a bakinta. Na ce mene ne, ta ce, "Ungozoma ta yi saurin baki. Likita ta ce a dakata." Na ce a dakata da me? Ta kalli ƙasa.

Laraba, da yamma

Ba a sallame su ba. Bencin da ke gaban ɗakin gilashi ƙafarsa ɗaya na rawa. Wanda ya haɗa shi ƙusa biyu kawai ya sa.

Alhamis, bayan azahar

Likitar yara ta kira Direba ofishinta, na bi shi ba tare da an gayyace ni ba. 'Yar ƙaramar mace ce mai tabarau, ba ta da gaggawar magana. Ta ce mu zauna.

Ta ce, "Baba, zan faɗa maku gaskiya. Abin da muka gani a jikin jaririn bai isa mu ce namiji ba, bai kuma isa mu ce mace ba tukuna. Yana faruwa, ba a kanku aka fara ba. Mun ɗebi jini mun aika babban ɗakin gwaji, zai ɗauki kwanaki. Kafin nan ina so ya zauna kusa da ni, akwai abin da nake sa wa ido a jininsa."

Na ce, "Likita, laifin wa?" Ta ce, "Ba na kowa ba. Ba abin da uwar ta ci, ba abin da uban ya yi."

Direba ya tashi ya fita, bai rufe ƙofa ba. Na zauna ina kallon hulata a kan gwiwa.

Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Juma'a, da safe

Daga bakin titi zuwa ƙofar gida sai da mutum goma suka tare ni. "Kakan yaro! Ya ɗan saurayin?" Mai kanti ya ce ya ajiye masa ƙwallo. Matar mai gyaran rediyo ta ce ta riga ta yi wa 'yarta kamu. Ina ta cewa alhamdu lillahi, alhamdu lillahi, bakina ya bushe.

Rubutun yana nan, ja zur. Daga kan kwana ma ana karanta shi. Ban taɓa sanin hannuna ya yi kyau haka ba.

Yanzu ta lungun baya nake fita, ta gefen kwata.

Asabar, da la'asar

Yau na yi dariya, har na ji kunyar kaina.

Tsohuwa ta shiga ɗakin gilashi ta taya mai jego canza zane, ta fito da gudu ta ja ni gefe. "Malam, na gano! Mace ce. Ƙirjin a kumbure yake, nono sak, har da ɗan ruwa fari." Sista Doguwa, mai kula da ɗakin, tana bayanmu da tire a hannu. Ta ce, "Mama, kada dai ki ce kin matsa." Tsohuwa ta ce ba ta matsa ba tukuna. Sista ta ce, "To kada ki soma, ciwo za ki jawo. Wannan kumburin daga jinin uwa ne, zai saɓe da kansa. Jarirai maza ma suna zuwa da shi."

Tsohuwa ta ce, "Maza da nono?"

Sista ta nuna ni da haɓa. "Tambayi Baba abin da ke ƙarƙashin rigarsa."

Na ce, "Sista, ki ji tsoron Allah, ni sa'an ubanki ne." Ta ajiye tiren a kan benci ta zauna, bencin ya karkata. Ta ce ai tambaya ce mai kyau, ɗalibai ma suna yi. Ga yadda ta bayyana, na riƙe shi da kyau:

A makonnin farko na ciki, kamar shida ko bakwai, ɗan tayi ba a rarrabe shi. Na namiji da na mace fasali ɗaya ne, kayan aiki ɗaya. A wannan lokacin ne ake sa kan nono, tun kafin hanya ta rabu. Daga baya, in akwai wata alama a cikin abin da ya gado daga uba, sai 'ya'yan maraina su fara samuwa, su riƙa sakin wani sinadari cikin jini wanda ke juya sauran jikin zuwa na namiji. In babu alamar, jiki ya bi hanyar mace. Amma abin da aka riga aka sa ba a cire shi. Shi ya sa kowane namiji ke yawo da nasa, ba ya shayar da kowa, ba ya kuma damun sa.

Na ce, "Wato kamar yadda nake haɗa firam ɗin ƙofa tun ban san ko dama za ta buɗe ko hagu ba." Ta ce, "Kusan haka, Baba. Wani lokacin kuma ciki ya bi hanya ɗaya, waje ya sami wani saƙon daban. Shi muke son ganewa."

Da na dawo gida na tuɓe riga a gaban madubin Tsohuwa. Shekara sittin da ɗoriya ina tare da su, ban taɓa tambayar me suke yi a nan ba. Tsohuwa ta shigo ta same ni, ta ce, "Innalillahi, abin ya taɓa ka kai ma?"

Lahadi

Direba ya koma tuƙi. Ya ce mota ba ta jira. Bai shiga ɗakin gilashi ba ko sau ɗaya.

Litinin, da magariba

Baƙon namu amai tun safe. An ƙi kama nono. Jiki ya saki kamar tsumma.

Likita ta zo da sauri, ba ta ko gaishe mu ba, ita da ba ta wuce mutum. Ta ce gishirin jini ne ya sauka, abin da take tsoro ke nan tun farko. Sun nemi jijiya a hannu, sun nema a ƙafa. Na ga allurar ta fi yatsan kauri. Mai jego tana tsaye da hannu biyu a kan gilashi, ba ta kuka, kuma na fi son a ce ta yi.

Ni kafinta ne. In abu ya karye a gabana na san inda zan sa hannu. A nan sai wanke hannu kawai ake bari in yi, na wanke, na koma benci, na sake tashi na wanke.

Ya Allah, ko wane ne, ko wace ce. Na janye duk wani zaɓi nawa.

Talata, da asuba

Na shafe rubutun. Farin fenti, shafi biyu, jan yana ta ɓullowa ta ƙasa, sai da na yi na uku. Ba na son in sake ganin sa alhali ban san abin da yau za ta kawo ba.

Talata, bayan azahar

Na yi ɓarna.

Ina cikin shago da hantsi, na sa sakata don in ɗan runtsa, sai na ji takun mutane a waje. Muryar mai kanti: "Ya shafe. Wayyo, yaron ya koma." Wata ta ce dama ta ga Tsohuwa jiya a bakin asibiti ido jawur. Suka fara ƙwanƙwasawa. "Kafinta, sai haƙuri. Allah ya sa mai ceto ne." "Allah ya ba da mai tsayawa."

Ina zaune a kan buhun garin katako, tsakanina da su katako ɗaya. Abin da ya rage kawai in zare sakata in ce yana da rai. To in sun ce alhamdu lillahi, me ya sa ka shafe, in ce me? Na kasa tashi. Na ji su suna yi wa jikana addu'ar matattu, na yi shiru har suka watse.

Tela ne ya zagayo ta baya, ya tura taga, idonsa da hawaye. Na ce, "Da rai, Tela. An sa ruwa, jiki ya fara dawowa." Ya ce, "To uban me ya sa ka shafe?" Na ce fentin ne bai kwanta ba. Ya ce, "Shekara talatin muna bango ɗaya, yau ni za ka yi wa ƙaryar fenti?" Na ce ya yi mani rai kada ya ce wa kowa komai tukuna. Ya ce bakinsa ɗinkakke ne, amma ɗinkin ba ya daɗewa.

Laraba, da yamma

Direba ya zo gida. A tasha aka yi masa ta'aziyya, shi ma bai musa ba.

Ya zauna a bakin gadon jinjirin da na ƙera, yana juya makullin mota. Ya ce ya yi tunani. In an sallame su zai wuce da matarsa da abin da ta haifa wurin gwaggonta, can nesa, inda ba a san mu ba. Nan kuwa a bar mutane a kan abin da suka ɗauka.

Na ce, "Ka san abin da kake faɗa? Mai rai za ka binne?"

Ya ce, "Baba, kai ka rubuta, kai ka shafe. Ni me zan ce wa yaran tasha? Ka san bakinsu. Yau in ce namiji, gobe in ce mace? Har ya girma ana nuna shi da baki a layin nan, ana ce masa mata-maza?"

Kalmar da nake gudu ke nan, ga ta na rubuta.

Ni na ba shi shawarar da buroshina, ban sani ba.

Alhamis

Ban fita ba. An aiko mana da abinci daga gida uku, irin wanda ake kai wa gidan rasuwa. Tsohuwa ta ƙi taɓawa. Kwanonin suna jere a bakin ƙofa.

Juma'a, da hantsi

Amai ya tsaya. An kama nono.

Surukata ba ta taɓa haɗa ido da ni ba tun da aka kawo ta gidan nan. Yau ta fito daga ɗakin gilashi ta durƙusa a gaban benci. Ta ce, "Baba, na ji abin da ɗanka yake shiryawa. Wata tara na ɗauka, na san motsinsa tun kafin kowa ya san ko mene ne. Ni ban haifi abin ɓoyo ba. Don Allah kada ku bari a kai ni inda ba wanda zai ce mani barka."

Na ce ta tashi, jikinta ɗanye ne. Ta ce ba za ta tashi ba sai na yi alkawari. Na yi. Ban san da me zan cika shi ba.

Asabar, Lahadi

Jira. Na zo da guduma da ƙusa a aljihu na gyara bencin. Mai gadi ya so hana ni, Sista Doguwa ta ce a ƙyale tsoho ya sami abin yi.

Litinin, bayan azahar

Mace ce.

Likita ta ce jini ya nuna, hoton ciki ma ya nuna: mahaifa da komai nata na mace suna nan daidai. Akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa biyu a saman ƙoda, kowa yana da su. Nata ba sa iya yin wani sinadari da jiki ke buƙata, sai suka riƙa zubo irin na maza da yawa tun tana ciki. Shi ya sauya kamannin waje, shi ya ruɗi ungozoma. Matsalar wurin ce kuma ta zubar mata da gishiri. Za ta riƙa shan magani kullum, ba fashi, har girmanta, a riƙa kawo ta ana dubawa. In zazzaɓi ya kama ta ko amai, a garzayo, ba a jira gari ya waye. Sauran maganar, likita ta ce ba a yi mata gaggawa, za a zauna da iyayen a tattauna.

Na ce, "Za ta rayu?" Ta ce, "In an riƙe maganin, za ta yi makaranta, za ta yi maka rashin ji."

Tsohuwa ta ce, "To Malam, ka yi amarya, ni na rasa ango."

Ta. Ita. Jikata. Tun ranar Talatar farko nake kewaye-kewaye a takardar nan kamar mai tsallake kwata.

Direba yana hanya, wayarsa a kashe.

Talata, da yamma

Na je tasha da sassafe na shige gaban motarsa na zauna. Yaran tasha suka fara yi mani gaisuwar rashi, na ce su riƙe abarsu. Direba ya zo ya gan ni, ya ce, "Baba, lodi zan yi." Na ce, "Yi. Ni ma fasinja ne." Ya ce ina za ni? Na ce inda za shi, in dawo inda zai dawo, gobe ma haka, har sai ya bi ni.

Bai yi lodi ba. Ya ja motar zuwa bayan gidan mai ya kashe.

Na gaya masa abin da likita ta ce. Ya kifa kai a kan sitiyari. Na ce, "Buɗe maɓallin rigarka." Ya ɗago yana kallona kamar na zare. Na ce, "Buɗe, ni na haife ka. Mene ne waɗannan? Wa ka taɓa shayarwa?" Na maimaita masa karatun Sista yadda na iya. Na ce da ni da shi da shugaban tasharsu mai ƙaton gemu, duk da fasali ɗaya muka fara da uwayenmu mata, ga hatimin nan a ƙirjinmu. 'Yarsa a mararraba aka ɗan riƙe ta, ta kuma iso. In yaran tasha na da abin cewa, su fara tuɓe riga.

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, sai ta juye ta zama kuka. Ya ce, "Baba, ba mutane ba ne kawai. Tsoro nake ji in kalle ta in so ta, sannan ta tafi." Na ce, "Ai ka makara. Da ba ka so ta ba, da ka iya shiga ɗakin."

Mun je asibiti da motar haya guda, mu biyu a ciki. Ya wanke hannu har gwiwar hannu. Sista ta ce tunda ya zo, shi zai koyi ba da magani, ta miƙa masa sirinji marar allura. Ya ɗiga mata ɗigo uku a baki. Yarinyar ta karɓa, ta yamutsa fuska, ta furzo masa rabi a gemu. Sista ta ce, "Sake." Ya sake. Matarsa ta juya baya tana gyara zanen da ba abin da ya same shi.

Alhamis, da safe

Jiya mun zauna mu huɗu a kan benci. Direba ya ce to me za a ce wa mutane? Surukata ce ta yanke. Ta ce, "A ce mace ce, an yi kuskure ranar farko. A ce ta zo da ciwon da take shan magani. Duk gaskiya ne. Abin da ya rage nata ne, in ta girma ita ke da bakin faɗa ko ta yi shiru."

Na bi layin gida gida, ta titi, ba ta lungu ba. Na ce wa mai kanti, "Na ce namiji, ba haka ba ne. Kun ji an ce ta koma, ba haka ba ne, kuma ina ji kuna ta'aziyya na yi shiru, ku yafe mani." Ya riƙe baki, sannan ya ce, "To ƙwallon fa?" Na ce ya ajiye, za ta buga. Matar mai gyaran rediyo ta rangaɗa guɗa har mijinta ya saki abin da ke hannunsa. Wata tsohuwa a ƙarshen layi ta ce, "Namiji ya koma mace? Ikon Allah," tana kallona ta wutsiyar ido. Na ce ikon Allah ne kuwa, na wuce. Za a yi magana, na sani. A yi ta a gabanmu, muna nan.

Tela ya ce saura kaɗan ɗinkin bakinsa ya farke, ya sha wuya fiye da mai naƙuda.

Alhamis, bayan la'asar

Sun iso! Direba ne ya ɗauko ta da kansa, ya tsayar da mota a tsakiyar layi ya danna ham har sau uku, ya shigo da ita ta ƙofar gaba. Tana barci, ba ruwanta da mu.

Na aika a faɗa, ga shi kuma ina faɗa a nan: kowa ya zo. Na layinmu da na bayan layi, yaran tasha, 'yan ajinmu na makarantar dare har da malam. Akwai ruwa da sabulu a bakin ƙofa, a wanke hannu, dokar Sista ce ba tawa ba. Mai mura ya tsaya ta taga, na ɗaga labule. Wanda ya yi mana ta'aziyya ya zo ya musanya ta da barka, ba a karɓar saƙo, sai da ƙafa.

Ku zo ku ga jikata. Ku yi sauri kafin ta farka, don in ta buɗe murya ba mai jin gaisuwar wani.